Ɗan Ƙwallon Gora Da Abokan Sahunsa: Tsokaci Daga Wudil

Duk inda aka tashi daga wasan ƙwallo a ƙasar nan, tambayar farko da wanda bai halarta ba yakan yi ita ce, "Nawa da nawa?" Ta biyu kuwa, "Wa ya ci?" Da an ba shi amsar waɗannan biyu, to, a wurinsa labari ya ƙare. Sunan yaro ɗaya ne zai shiga bakin jama'a, a yi ta kambama shi har sati ya zagayo. In kuwa aka yi rashin sa'a ya buga wasa biyu ko uku bai ci ba, waɗannan bakunan da suka yabe shi su ne za su juyo su ce ya lalace, ko kansa ya kumbura, ko kuma da ma can sa'a ce ta yi masa rana. Ba safai akan sami mai tambayar su wa aka jera tare da shi a wannan karon ba, balle a tambaya ko malamin da ya koya masa riƙon sanda yana nan ko an yi masa canjin wurin aiki.

Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce a nuna cewa a wasan ƙwallon gora, yawan cin da matashi yake yi ba hajarsa ba ce shi kaɗai. Yana samuwa ne idan malamin da ke horar da shi ya zauna, kuma abokan da ake jerawa tare da shi a sahun gaba suka zauna. An ɗora maganar a kan garin Wudil domin, kamar yadda za a gani a gaba, garin yana da irin abin da wannan wasa yake bukata, wanda manyan birane da yawa ba su da shi.

Da yake da yawa daga cikin masu karatu sunan wasan kawai suka sani, ya kamata a fara da ɗan bayani. Ƙwallon gora wasa ne da Turawan mulkin mallaka suka shigo da shi ta hanyar barikin soja da makarantun kwana. Hausawa da suka ga sandar nan mai lanƙwasa a baki, ba su tsaya aron sunan Turanci ba, sai suka kira shi da sunan gora, abin da ya isa ya zama darasi ga masu aikin ƙirƙirar kalmomi. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, fili kuwa yadi 100 ne a tsawo, yadi 60 a faɗi. Dokokinsa suna da yawa, amma guda biyu ne suka shafi wannan magana. Ta farko, a gaban kowace raga akwai rabin da'ira da aka shata yadi 16 daga ragar, kuma ƙwallo ba ya zama ci sai ɗaya daga cikin masu kai hari ya taɓa shi da sanda a cikin wannan da'ira. Ta biyu, fuska ɗaya ce ta sanda aka yarda a yi wasa da ita, watau shafaffen ɓangaren, ba a bugu da bayanta, ba a sa ƙafa, kuma ba a ƙera sandar bahago. Bahago da badame duk sanda iri ɗaya suke riƙewa.

To, a dubi abin da dokar farko ta haifar. A ƙwallon ƙafa, yaro mai ƙarfin ƙafa yana iya tsayawa daga yadi 30 ya sheƙa ƙwallo ya shiga, ba tare da kowa ya taimake shi ba. A ƙwallon gora kuwa, ko da ya bugo daga tsakiyar fili har ya keta raga, alƙalin wasa ba zai ƙirga ba. Dole ne a shigo da ƙwallo cikin da'ira, inda masu tsaron baya suka yi cincirindo, sanduna na karo da juna, ga mai tsaron gida ya fito cikin sulkensa. Ƙwallon kansa bai fi girman lemo ba, ga tauri, ga gudu. A wannan matsatsin babu lokacin ɗaga kai a duba, babu lokacin shawara. Abin da yake raba wanda ya ci da wanda ya ɓarar shi ne taku ɗaya da na farkon ya yi tun kafin ƙwallo ya taso, domin ya riga ya san inda abokinsa zai aiko shi. Wannan sanin kuwa ba a haifar mutum da shi, ba a kuma karanta shi a littafi. Daga yawan zama tare yake zuwa. Yaron da ya shekara biyu yana wasa da ɗan gefen dama guda, ya san cewa in ya ga kafaɗarsa ta sunkuya haka, ƙwallo zai zo ta gaban turken nesa, in kuwa ya ga ya rage gudu, zai dawo da shi baya ne zuwa bakin da'ira. A ɗauke wannan ɗan gefen a kawo wani, ko da ya fi shi gwaninta, sai a ga yaron nan yana isa wuri bayan ƙwallo ya wuce, 'yan kallo su ce nauyin jiki ne.

Akwai ma wani bugu da ake kira gajeriyar kwana, wanda ake bayarwa idan masu tsaro suka yi laifi a cikin da'ira, kuma kaso mai yawa na cin da ake yi a manyan gasa daga nan yake fitowa. Aikin mutum uku ne: ɗaya ya turo ƙwallo daga layin baya, na biyu ya tsayar da shi cak a wajen da'ira, na uku ya ja shi ciki ya buga. Idan na farko ya turo a karkace, ko na biyu ya bar shi ya yi tsalle, na ukun bai da abin yi. Amma idan an ci, sunan na ukun kaɗai ake rubutawa a takarda.

Doka ta biyu kuma ita ta sa dama da hagu ba su zama ɗaya ba a wannan wasa. Wanda ke gefen dama yana tafiya da ƙwallo a hannunsa mai ƙarfi, yana aiko shi tsakiya cikin sauƙi. Na hagu kuwa sai ya juya sanda, ko ya juya jikinsa duka, kafin ya yi abin da na dama yake yi ba wahala. Saboda haka malamin da ya ɗauki yaro daga dama ya kai shi hagu yau, gobe ya mai da shi tsakiya, jibi ya ce ya koma baya ya taimaka, kusan sabuwar sana'a yake ɗora masa kowane mako. Manomin da ya je Kasuwar Kara ta Wudil ranar Juma'a neman bijiman huɗa ya san wannan magana sarai, ko da bai taɓa ganin sandar wasa ba. Yakan fi son biyun da suka saba da karkiya ɗaya bisa ga ƙosassu biyu da ba su san juna ba, kuma ya san bijimin da ya saba da dama in aka mai da shi hagu, kunya za ta fita a karkace, ba don ƙarfinsa ya ragu ba.

Ɗaliban adabin baka ma ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. A ƙungiyar makaɗan fada, jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa ba tare da an yi musu ishara ba, har mai sauraro ya zaci baki ɗaya ne yake magana. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana bayan yayansa Kurna yana amshi kafin ya ja tasa ƙungiya. Da a ce kowane wata sai an sauya wa irin waɗannan makaɗa 'yan amshi, da murya ba za ta canza ba, hikima ba za ta ragu ba, amma da waƙar ba ta kai inda ta kai ba.

Tarihin wasan kansa ya ba da shaida. Ƙasar Indiya ta ci lambar zinariya ta wasannin Olamfik sau shida a jere, daga 1928 zuwa 1956, a zamanin da ake jera mutum biyar a sahun gaba. Sunan da duniya ta riƙe shi ne Dhyan Chand, soja ne da ya koyi wasan a bariki. Amma a 1932, a birnin Los Angeles, ranar da Indiya ta lallasa Amurka da ci 24 da 1, Dhyan Chand ya ci 8 ne, wanda ya ci 10 kuwa shi ne mai tsayawa a hagunsa, ƙanensa Roop Singh, wanda suke gida ɗaya a garin Jhansi, suke kuma buga wa kulob ɗaya. Bayan shekara 50, Pakistan ta fito da sahun da har yanzu ake ba da labarinsa: Kaleemullah a gefen dama, Manzoor ƙarami a cikin dama, Hassan Sardar a tsakiya, Hanif Khan a cikin hagu, Samiullah a gefen hagu. Na gefunan biyu wa da ƙane ne. Wannan sahu ya ɗauki Kofin Duniya a Bombay a farkon 1982, sa'an nan a ƙarshen shekarar ya bi Indiya har gida, birnin Delhi, ya ci ta 7 da 1 a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Asiya. Huɗu daga cikin biyar ɗin suna nan tare har 1984, lokacin da suka ci zinariyar Olamfik. Hassan Sardar gwani ne, babu mai musu, amma gwani ne da ya yi shekaru yana waigawa dama da hagu yana ganin fuskokin da ya sani.

Wasan yana da ɗan'uwa a ƙasashen sanyi, irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, inda ake yinsa a kan daskararriyar ƙanƙara, ana jera 'yan gaba uku-uku, a fitar da su tare a shigo da su tare. A can an ga wani abin da ya isa misali. Wani matashi mai suna Jonathan Cheechoo, na kulob ɗin San Jose, ya ci ƙwallo 28 a kakar wasa ta 2003 zuwa 2004. A ƙarshen watan Nuwamba na 2005 kulob ɗin ya kawo Joe Thornton, wanda ya shahara wajen raba ƙwallo, aka haɗa su a sahu ɗaya aka bar su. A wannan kakar Cheechoo ya ci 56, ya fi kowa a gasar, kuma mafi yawansu bayan zuwan Thornton ne. Hannunsa bai canza ba cikin wata guda. Maƙwabcinsa ne ya canza.

Wanda yake ganin waɗannan misalai sun yi nisa, ga na gida, ko da yake daga ƙwallon ƙafa yake. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, yana ɗan shekara 17. A kulob ɗin CSKA na birnin Mosko ya yi shekara huɗu da rabi a hannun mai horarwa guda, Leonid Slutsky, suka ɗauki kofin ƙasar Rasha sau uku. Da ya koma Leicester ta Ingila a 2016, cikin shekara ɗaya da rabi ya ga masu horarwa uku, yau a sa shi gobe a ajiye, ƙwallo 2 kacal ya ci a babbar gasar ƙasar. Masu saurin yanke hukunci suka ce tasa ta ƙare. A farkon 2018 ya koma Mosko aro, cikin abokan da ya sani, ya ci gaba da ci, kuma a watan Yuni na shekarar ya zura wa Iceland biyu a Kofin Duniya. In haka ta faru a wasan da mutum yake iya ci shi kaɗai daga nesa, ina ga wasan da doka ta hana shi?

Daga nan sai maganar mai horarwa, domin shi ne mai jera sahu, shi ne kuma mai wargaza shi. Aikinsa na farko a kan yaro shi ne gyaran hannu, watau yadda ake riƙon sanda da yadda ake tarbar ƙwallo ba tare da ya yi tsalle ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya saba da mugun riƙo yana ɗan shekara 13 da wuya a raba shi da shi yana ɗan 20. Wannan kowa ya yarda da shi. Aikin da ba a cika lura da shi ba, wanda kuma ya fi wuya, shi ne haƙuri. Duk mai cin ƙwallo yana da lokacin fari, komai gwanintarsa. Babban ɗan wasa ya san farin zai wuce. Yaro bai sani ba. Idan ya ɓarar da biyu ya waiwaya ya ga malami yana shirya wani a bakin fili, to, daga ranar ya daina wasa don ya ci, ya koma wasa don kada a cire shi. Sai a ga ya shiga da'ira, ga raga a buɗe, amma ya miƙa wa wani don kada laifi ya hau kansa, ko kuma ya ƙi miƙawa inda ya dace don yana neman ci ɗaya da zai wanke kansa da shi. Dukansu biyu tsoro ne ya haife su. Malamin da ya kira yaro gefe ya ce masa, "Wurin nan naka ne har ƙarshen zango, ka ci ko kada ka ci," ya yi masa abin da gudun safiya na wata uku ba zai yi masa ba.

Sa'an nan kowane mai horarwa da irin harshensa. Wani yana son a riƙe ƙwallo a yi ta gajeren miƙo, wani yana son dogon bugu daga baya, wani yana son ɗan tsakiya ya tsaya a bakin raga, wani yana son ya riƙa fitowa yana jan masu tsaro. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kuskuren yana wurin wanda yake sauya su kamar riga. Tsakanin 2009 da 2019 Indiya ta yi masu horarwa a ƙalla bakwai, kuma a cikin wannan tsakanin ne ta zo ta ƙarshe a Olamfik na Landan a 2012. Da aka bar Graham Reid ya zauna daga 2019, ta sami lambar tagulla a Tokyo a 2021, ta farko cikin shekara 41. Ita kuwa Beljiyam, ƙaramar ƙasa da a da ba a lissafa ta cikin manya, ta riƙe Shane McLeod daga 2015 zuwa 2021 tare da gungun 'yan wasan da suka taso tare tun suna samari, ta sami azurfa a 2016, Kofin Duniya a 2018, zinariya a 2021.

In aka dawo gida aka dubi yadda ake tafiyar da wasanni a makarantun ƙasar nan, sai a ga kamar da gangan aka tsara abin don kada sahu ya zauna. Malamin wasanni ma'aikaci ne kamar kowa, takarda ɗaya ta isa ta ɗauke shi daga wannan gari zuwa wancan a tsakiyar zango, ba tare da an tambayi abin da ya fara ginawa ba. Wanda zai maye gurbinsa wataƙila ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani, sandunan su koma sito su zama abincin gara. Wani lokaci ɗan bautar ƙasa ne yake zuwa da sha'awar wasan, ya tara yara, ya koya musu, suna fara gane juna shekararsa ta cika ya tafi. A da, kwalejojin horon malamai, irin wadda Wudil ta yi suna da ita, suna fitar da malamin da aka koya wa wasanni iri-iri a matsayin wani ɓangare na aikinsa. Da aka daina wannan tsari na malamai masu daraja ta biyu, ba a kafa wani abin da zai ɗauki wannan nauyin ba.

Mafi muni shi ne yadda ake shirin gasa. Tun da aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Ikko a 1973, al'adar da ta zama jiki ita ce a jira har gasa ta matso, sa'an nan a tsinto yaro ɗaya daga nan, biyu daga can, waɗanda aka ji sunansu don sun ci ƙwallo a makarantunsu, a tara su a sansani na 'yan makonni, a ce sun zama ƙungiya. Sau da yawa sai a tarar an tara 'yan tsakiya huɗu, an baro waɗanda suke ba su ƙwallon a gida, domin su ba a ji sunansu ba. In an je an sha kashi, a dawo a ce yaran ba su da kishi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ko da yake goran karin maganar na ruwa ne, gorar wasa kuwa sanda ce, hukuncin ya hau kansu duka biyu.

A nan ne Wudil ta shigo. Garin yana kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, kuma Allah ya tara masa makarantun da matasa suke zama shekara da shekaru a wuri ɗaya. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Akwai Makarantar Horon Manyan Jami'an 'Yan Sanda, inda ɗalibi yake shekara biyar yana kwana yana tashi da abokan shigarsa, a ƙarƙashin horo ɗaya da ƙararrawa ɗaya. Rundunar 'yan sanda kuwa da ma tana da ƙungiyar ƙwallon gora, Police Machine, da take karawa da irin su Kada Stars ta Kaduna. Ga kuma makarantun sakandare a garin da kewayensa. Abin da ƙungiyoyin manyan birane suke nema da kuɗi ba su samu ba, watau a riƙe matasa guda a wuri guda har su san juna, a Wudil tsarin karatu ya riga ya bayar da shi kyauta.

Kada kuma a raina ƙaramin gari a wannan wasa. Sansarpur ƙauye ne a jihar Punjab ta Indiya, a gefen barikin sojan Jalandhar, inda yara suka koyi wasan ta hanyar kallon sojoji. A Olamfik na 1968 a Meziko, mutum bakwai masu asali da wannan ƙauyen suka buga, biyar wa Indiya, biyu wa Kenya. A nahiyar Afirka kuwa, kulob ɗin da ya fi kowa ɗaukar kofin zakarun ƙwallon gora, fiye da sau 20, shi ne Sharkia na ƙasar Masar, kuma ba a Alƙahira yake ba, a garin Zagazig yake.

Lalle akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu daga cikin hujjojinsu suna da nauyi. Wasu za su ce sabo turken wawa ne: malamin da aka bari ya daɗe yakan mai da sahu gadon gidansu, ya riƙe yaransa ko sun gaza, sabon yaro mai baiwa ya tsufa a benci. Wannan yana faruwa, kuma ba ƙaramar ɓarna ba ce. Sai dai maganinta ba shi ne a riƙa wargaza sahu kowane mako ba. Tun 1992 dokar wasan ta yarda a riƙa canjin 'yan wasa ana fita ana dawowa ba iyaka, don haka malami mai adalci yana iya riƙe sahu biyu, na manya da na masu tasowa, kowanne da mutanensa, ya riƙa shigo da na biyun gaba ɗayansa na ɗan lokaci a kowane wasa. Da haka sabon yaro zai shigo tare da waɗanda ya sani, ba a jefa shi shi kaɗai cikin baƙi a ce ya nuna kansa cikin minti biyar ba.

Wasu kuma za su kawo labarin matan Zimbabwe, waɗanda aka gayyata Olamfik na Mosko a 1980 a ƙurarren lokaci, aka haɗa su cikin gaggawa, suka je suka ɗauko zinariya. Labari ne mai daɗi, amma ana mantawa da cewa manyan ƙasashen wasan sun ƙaurace wa gasar a wannan shekarar, ƙungiya shida kaɗai suka kara. Ana kuma mantawa da cewa yawancin matan nan sun daɗe suna wasa tare tun ƙasar tana Rodeshiya, har ma biyu daga cikinsu tagwaye ne. Takardar gayyata ce ta zo a makare, sanin juna ya riga ta zuwa.

Hujjar da aka fi ji ita ce ta kuɗi. Tun Olamfik na Montreal a 1976 manyan gasa suka koma kan ciyawar roba, shimfiɗa ta kuwa sai gwamnati, don haka wai duk wata magana ɓata baki ce har ranar da aka shimfiɗa ta a Kano. Gaskiya ne wanda zai buga wa ƙasa dole wata rana ya saba da ita, domin ƙwallo ya fi gudu a kanta. Amma sahun Pakistan da ya ci zinariya a kan ciyawar roba a 1984, a kan ciyawar Allah da tsurar ƙasa ya koyi wasa. Sabawa da sabon fili aikin watanni ne, sabawa da mutum aikin shekaru. Fako mai tauri, wanda aka share aka daddaɓe, ya ishi yaro ya koyi tarba da miƙo, kuma ƙasar Wudil ba ta rasa fako ba da zarar an bar yashin bakin kogi. Jiran ciyawar roba ya zama inuwar da masu kasala suke fakewa a ciki.

Abin da ake bukata daga shugabannin makarantun garin bai kai yadda ake zato ba. A nemi malamin da ya san wasan a kowace makaranta, a roƙi masu canjin wurin aiki su ƙyale shi shekara uku a ƙalla, kada kuma a auna shi da sakamakon shekarar farko. A ɗauki yara tun daga ajin farko, a jera su, a rubuta wanda yake dama da wanda yake hagu, a bar su haka sai da dalili mai ƙarfi. Mai riƙe da littafin wasa ya ƙara layi ɗaya a gefen sunan wanda ya ci, ya rubuta sunan wanda ya ba shi, domin abin da aka rubuta shi ake girmamawa. Idan kuma jiha ta aiko neman 'yan wasa, shugaban makaranta ya yi ƙarfin halin cewa ɗan tsakiyarsa ba ya tafiya sai da na damansa da na hagunsa. Daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba zuwa shigowar zafi a watan Maris akwai Asabar wajen 20. Idan jami'a da makarantar 'yan sanda da sakandare biyu ko uku suka riƙa karawa da juna a waɗannan ranaku, yaron da ya fara a bana zai kai shekararsa ta uku ya buga wasa kusan 60 da abokan sahu guda, a ƙarƙashin malami guda, kuma a lokacin ne za a iya buɗe littafi a ƙirga abin da ya ci a san ko mai ci ne.